Sunan Yanka a Dutsen Ƙanƙara

Ku rage fitilar nan, ku matso. Kai Sadi, in ka san tambaya za ka yi ta jefo mini, tashi tun yanzu ka tafi ɗakin Gwaggo. Wannan ba tatsuniya ba ce, ba sai wani ya ce ta zo mu ji ta ba. Wanda kuma ya yi mini dariya a tsakiya, nan zan ajiye labarin, kowa ya kwana da rabi.

Kun san Hambali na bayan masallacin Juma'a, mai ɗingishin nan. Kun san shi mana, ai ku ne masu kwaikwayonsa, marasa kunya. "Kai malam." "Ke baiwar Allah." Mutum da matarsa da 'ya'ya uku, amma ba wanda ya taɓa jin ya kira ɗayansu da suna. Kuna cewa taɓin hankali ne. To, ba haka aka haife shi ba. Da can duk Kazaure babu mai bakin Hambali. Ko zaman makoki ya shiga sai ya samo abin da zai sa mutane su toshe baki da hannun riga. Bakin nan nasa shi ya ja masa.

Yana da aboki, katanga ɗaya ce ta raba gidajensu. Ɗanliti ake ce masa, don ran Litinin aka haife shi, kakarsa ce ta laƙaba masa. Sunansa na yanka Junaidu, amma in ba a takardar makaranta ba, ba inda za ka gamu da shi. Shi ne ɗan fari a wurin uwarsa, Inna Kulu. Ita kuwa mutuniyar da ce, ta riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Ba ta faɗin Junaidu, ba ta faɗin Ɗanliti. "Yaron nan." "Wancan." In yana gabanta, sai ta yi magana da bango. Yana ɗan shekara tara ya faɗo daga kan dutse ya karye a hannu, aka shigo da shi yana ihu. Ta tsaya a ƙofar madafi da muciya a hannu, ba ta ƙaraso ba. Ƙanwarsa ta aika ta dubo ko yaron nan zai iya shan kunu.

Kada ku ce ba ta son sa. Haka ta ga an yi, haka ta yi. Amma yaro ba ya sanin wannan.

Ɗanliti bai taɓa kai ƙara wurin kowa ba. Sau ɗaya tak, suna samari, suna zaune a kan dutsen bayan gari, ya ce wa Hambali, "Ka san ban san yadda sunana yake a bakinta ba? Wani lokaci ina kwance sai in yi ta gwadawa a raina." Sannan ya ce, "Tsakaninmu ne."

"Tsakaninmu ne," in ji Hambali.

Da suka sami gurbin karatu a Maroko su biyu, ana gobe tafiya Inna Kulu ta sa aka kira mata Hambali. Ta miƙa masa ƙullin dambun nama, idonta a ƙasa.

"Abokin tafiyar nan taka ba ya jure sanyi," ta ce. "Kuma ba ya faɗa in abu na damun sa. Amana na ba ka, Hambali. Yadda kuka tafi ku biyu, ku dawo mini ku biyu."

Ya ce, "Inna, ko a baya zan goyo miki shi." Har da dariyarsa.

A shekararsu ta uku a can aka ba su hutun tsakiyar sanyi. Daga tagar ɗakinsu kullum suna hango duwatsun Atlas, kawunansu fari fat. Hambali ya dame su sai sun hau. Shi da ya taso a duwatsun Kazaure, a ce ya zo har nan ya koma gida bai taka dusar ƙanƙara ba? Ya ja Ɗanliti, ya ja wani abokinsu Rufa'i, ɗan Damagaram, ɗalibin fiƙihu, mutum mai ƙarancin magana. Suka ari manyan takalma da rigunan sanyi da safar hannu da igiya, suka shiga mota zuwa wani ƙauye a gindin dutsen.

Mai masaukinsu dattijo ne. Da asuba ya raka su bakin hanya, ya ɗaga kai ya daɗe yana duban sama. Ya ce musu da Larabci su juyo da zarar sun yi azahar, ko sun kai ko ba su kai ba. Ya ce in kuma sun gamu da mutum a sama, su yi sallama su wuce. Hambali ya ce to. Da suka yi nisa ya kama kwaikwayon muryar tsohon, har Rufa'i sai da ya murmusa.

Farkon tafiyar daɗi ne, ba zan ɓoye muku ba. Ku da ba ku taɓa gani ba, abin kamar garin rogo ne aka zazzage wa duniya, sai dai yana cizo. Ka taka, ya yi ƙaras, ƙafa ta shige har idon sawu. Gaba kaɗan har ƙwauri. Suka dunƙula suna jifan juna kamar yara. Ɗanliti, da ba ka cika ganin haƙoransa ba, ran nan har ƙasa ya zube don dariya. Suka ɗauki hotuna. Ba tsuntsu, ba itace, ba motsin komai. In suka yi shiru, numfashinsu kawai suke ji, yana fita fari daga baki.

Azahar ta same su a wani kwari, ƙanƙara har gwiwa. Suka share wani dutse suka yi taimama, suka yi salla da takalmansu. Da suka sallame Rufa'i ya ce, "Mu juya."

"Ga kan dutsen can," in ji Hambali. "Ko tsohuwa ta kai cikin rabin awa."

"An ce mu juya."

"Malam Rufa'i, in tsoro kake ji ka faɗa, ba wanda zai kai labari Damagaram."

Rufa'i ya dubi Ɗanliti. Shi kuwa leɓɓansa sun riga sun yi toka-toka, amma da yake ba ya faɗa, sai ya ce, "Mu ƙarasa." Hambali ya ga leɓɓan nan. Ya gani da idonsa, ya kau da kai.

Ba su yi rabin awar ba iska ta taso.

Ba a hankali ta zo ba. Suna tafe sai suka ji wani gunji daga bayan dutsen, kafin su waiwaya ta buge su. Ta kwashi dusar ƙanƙara daga ƙasa ta watsa musu a fuska kamar tsakuwa. Sama ta ɓace. Kan dutsen ya ɓace. Ka miƙa hannu, ba ka ganin yatsunka. Suka juya za su bi sawunsu, babu sawu, ta shafe. Hambali ya ciro waya, ba sabis, kuma yana kallo ta mutu a hannunsa.

Suka riƙe rigunan juna suna lalube. Ƙanƙara ta kai cinya. Kowane taku sai ka ciro ƙafa da hannu biyu. Ba wanda ya san ko ƙasa suke yi ko sama. Hambali ya yi ta zuba, yana tsokana, yana waƙa, don in ya yi shiru zai ji abin da zuciyarsa take gaya masa. Ba mai amsa masa.

Can Rufa'i ya yi tuntuɓe da gini. Wani ɗan ɗaki ne na duwatsu, irin wanda makiyaya ke fakewa da damina, rabin rufinsa ya rufta. Suka sunkuya suka shiga.

Akwai mutum a ciki.

Tsoho ne, yana zaune a lungu cikin baƙar alkyabba, ya lulluɓe har ƙafa. Ba wuta, ba dabba, ba kaya. Rufa'i ya yi sallama. Tsohon bai amsa sallamar ba. Sai ya ɗago kai ya ce,

"Sannunku da hanya, samari."

Da Hausa. Hausa tsantsa, irin ta kakanni, mai nauyi a harshe.

Hambali ya ji kamar an zuba masa ruwan ɗumi. "Baba, Bahaushe ne kai? A nan?"

"Na daɗe a nan."

"Ai na gaya muku," Hambali ya ce wa abokansa. "Akwai jikokin mutanenmu da aka ƙetaro da su hamada tun zamanin da. Ga ɗaya Allah ya haɗa mu da shi." Ya zauna kusa da tsohon, ya kwance jaka, ya ciro fulas ya tsiyaya shayi a murfi ya miƙa masa.

Tsohon ya karɓa da hannu tsirara. Shayin yana tururi. Yana shiga hannunsa tururin ya tsaya. Bai sha ba, ya riƙe kawai.

Rufa'i ya gani. Ya kuma ga wani abu. Su uku duk numfashinsu na fita fari, amma bakin tsohon ba abin da ke fita. Ya matsa ya taka ƙafar Hambali. Hambali ya janye ƙafarsa ya ci gaba da surutu.

"Baba, hanyar ƙauye muke nema."

"Akwai hanya," in ji tsohon. "Amma ba a nuna wa baƙo hanya ba a san shi ba. Kai, wa sunanka?"

Da Rufa'i yake. Rufa'i ya sunkuyar da kai ya ce, "Bawan Allah."

Tsohon ya daɗe yana kallon sa, sannan ya juya ga Ɗanliti. "Kai fa, mai rawar sanyi?"

"Ɗanliti."

"Wannan sunan rana ne. Kowa da ranarsa. Wanda aka yanka wa rago nake tambaya."

Ɗanliti bai ce komai ba. Shirun ya yi tsawo. Iska tana kuka a ramukan ginin. Hambali kuwa ba ya iya zama da shiru, tun yana yaro ba ya iyawa. Ga tsoro, ga kunyar shi ya jawo su, ga tsoho yana jira. Sai bakin ya buɗe da kansa.

"Baba, rabu da shi, Junaidu ne. Ya manta da sunan ne don ba mai kiran sa. Ɗan fari ne, ka gane. Shekara ashirin da shida yana jira innarsa ta faɗa sau ɗaya, har gwadawa yake yi a ransa in ya kwanta."

Ya yi dariya. Shi kaɗai ya yi ta.

Ɗanliti ya juyo ya dube shi. Bai zage shi ba. Hambali ya ce da ya zage shi da ya fi masa sauƙi.

"Junaidu," in ji tsohon, a hankali, kamar mai ɗanɗana gishirin miya. "Sunan da ba a taɓa ba ke nan." Ya ajiye murfin a ƙasa. Shayin da ke ciki ya daskare. "Na gode, yaro."

Bai tambayi Hambali nasa sunan ba. Ya miƙe. Dogo ne, ya fi yadda suka zata, sai da ya naɗe kafin ya fita ta ƙofar. Iska ta ɗage gefen alkyabbar. Ƙafafunsa ba takalmi. Yana tafiya gaba, amma yatsun ƙafarsa su suke kallo, dugadugansa ne ke gaba. Inda su suka nutse har cinya, shi a sama yake takawa, ko alama bai bari ba. Taku uku, farin ya haɗiye shi.

Rufa'i ya kama karanta Ayatul Kursiyyu, haƙoransa na haɗuwa. Da ya kai ƙarshe ya ce, "Ku tashi. Gara iskar waje da nan."

Hambali ya ciro igiya. Da hannunsa ya ɗaura wa kowa a ƙugu, irin ƙullin da ake yi wa guga, wanda ja ba ya kwance shi. Rufa'i a gaba, shi a tsakiya, Ɗanliti a baya. Yana ɗaura wa Ɗanliti ya ce, "Wasa nake yi, ka san bakina."

"Na sani," in ji Ɗanliti.

Suka fita. Rana ta fara yin ƙasa, farin ya koma ruwan toka. Suka bi inda gangare ya fi, suna faɗuwa suna tashi. Gashin idonsu ya daskare. Hambali ya daina jin yatsun ƙafarsa ta hagu. Kowane taku goma sai ya ja igiyar baya, ya ji nauyi, ya ce alhamdu lillahi.

Sai iska ta ɗan lafa, kamar an rufe ƙofa.

Aka yi gyaran murya. Ɗan tari ne guda, siriri. Hambali ya san tarin nan. Ta kan katanga ya taso yana jin sa, shi Inna Kulu take yi kafin ta yi magana.

"Junaidu."

Daga dama, ba nisa. Ba da ƙarfi ba. Yadda take kiran ƙannensa in ta kwashe tuwo.

Igiyar baya ta tsaya cak. Hambali ya juya, ya yi rarrafe ya cafke Ɗanliti a kafaɗa. Kun san abin da aka gaya mana tun muna yara, in ka ji an kira ka a daji ba ka ga mai kira ba, ba a amsawa. Su ma sun sani.

"Kada ka amsa. Ba ita ba ce."

"Na sani."

"Inna tana Kazaure. Kuma ko tana nan ba za ta faɗa ba, kai ma ka sani."

"Na ce na sani, Hambali."

Amma kansa yana karkace wajen dama. Idonsa a rufe.

"Junaidu, zo mana. Tuwon zai huce."

Hawaye ya fito wa Ɗanliti, bai kai haɓa ba ya daskare. Ya ce, ƙasa-ƙasa, "Ashe haka yake. Tana jan ƙarshen. Ni duk gwajin da nake yi ban taɓa jan ƙarshen ba."

Hambali ya toshe masa baki da hannu. Ya ce masa ya tuna Allah, ya tuna ƙannensa. Ya ce in sun koma gida shi da kansa zai durƙusa gaban Inna Kulu har sai ta faɗa. Ƙarya yake yi, dukansu sun san ba za ta faɗa ba. Rufa'i ya daka musu tsawa daga gaba su taho. Ɗanliti ya cire hannun Hambali daga bakinsa a hankali, ya gyaɗa kai, ya ce, "Mu je."

Suka yi taku ashirin, ko talatin. Hambali yana tafe yana waiwaye. Sai iskar ta dawo gaba ɗaya, ta ɗauke shi ta maka da ƙasa, fuskarsa cikin ƙanƙara. Yana kwance a nan, kunnensa cike, ya ji na uku. Kusa ƙwarai, kamar a bayan wuyansa.

"Junaidu, ɗana."

Ya kuma ji amsar. Ita ce ta hana shi barci har yau. Ba muryar mai tsoro ba ce. Muryar yaro ce da aka kira shi a ba shi abu.

"Na'am, Inna."

Hambali ya ja igiya. Ta taho ba nauyi.

Ba tsinkewa ta yi ba. Ƙullin a kwance yake. Kusa da bakin igiyar ga safar hannun Ɗanliti guda biyu, an ɗora ɗaya kan ɗaya, an danne da dutse don kada iska ta ɗauka. Cire su ya yi don ya ji daɗin kwancewa. Kayan aro ne, shi kuwa ba ya wasa da kayan mutane.

Hambali ya yi ta kira. Ya kira Ɗanliti, ya kira Junaidu, har muryarsa ta dushe. Ya tona ƙanƙara da hannu. Ya ja Rufa'i dama, ya ja shi hagu. Ba sawu, ba komai. Rufa'i ya durƙushe, ya ce shi barci yake ji, a bar shi ya ɗan kwanta. A irin wurin nan wanda ya kwanta ba ya tashi.

Da Hambali ya ɗago, tsohon yana tsaye a gabansa. Iska na kaɗa komai, alkyabbarsa ko motsi.

"Dawo mini da shi," in ji Hambali.

"Ban ɗauke shi ba. Kira aka yi, ya amsa."

"To ɗauki nawa. Hambali ne. Hambali ɗan Isiyaku. Kira ni, zan amsa."

"Naka?" Tsohon ya girgiza kai. "Naka ya sha hannu. Uwa ta kira, uba ya kira, 'yan unguwa sun kira, ya koɗe. Me zan yi da shi? Wancan sabo ne, shekara ashirin da shida yana naɗe."

"Amana ce aka ba ni."

"Ai na ga yadda ka riƙe ta." Ya miƙa dogon hannunsa ya nuna ƙasa. "Ba na cin kyauta ban rama ba. Ka ba ni suna, ga hanya. Ba za ta jira ka ba."

Hambali ya duba. Iskar ta tsage gida biyu, ta bar wani siririn layi a tsakiya, shiru, ba ko ƙura. A ƙarshensa, can ƙasa, ga fitilun ƙauye. Ya dubi dama, inda muryar ta fito. Ya dubi Rufa'i, wanda idonsa ya fara juyewa. Layin ya fara rufewa daga sama.

Ya karɓa. Wannan ne abin da ya fi ci masa rai, ya karɓi ladan. Ya cusa safar hannun nan a ƙirji, ya saɓa Rufa'i a kafaɗa, ya bi hanyar. Duk inda ya ɗaga ƙafa, iska ta rufe bayansa.

Mutanen ƙauyen suka tsince su a bakin masallaci bayan isha'i. Kwana tara ana hawa dutsen ana nema, da karnuka, da masu aikin ceto. Da ƙanƙara ta narke aka sake hawa. Ko maɓallin riga ba a samu ba. Ɗakin duwatsun ma makiyaya suka ce ba su san da shi ba. A asibiti aka yanke wa Hambali yatsu uku na ƙafar hagu. Ɗingishin da kuke kwaikwaya ke nan.

Labari ya riga shi zuwa gida. Aka yi zaman makoki ba gawa. Mata suka cika gidan suna kuka, Inna Kulu kuwa tana ta kai da kawo da kwanukan abinci, idonta a bushe, don ko a mutuwa uwa ba ta yi wa ɗan fari kuka a gaban mutane. Har yaba mata aka yi, wai ta cika mai kunya.

Hambali ya dawo da bazara, ana zafin nan mai sa kare ya rasa inda zai kwanta. Kwana huɗu yana gida bai iya zagaya katangar nan ba. Rana ta biyar da hantsi ya dogara sanda ya shiga. Ya same ta ita kaɗai a inuwar rumbu tana tsinkar zogale. Ya durƙusa, ya ajiye safar hannun a gabanta.

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Biyu na ce."

Da ya so, da ya ce iska ce ta raba su. Haka Rufa'i ya gaya wa hukuma, haka kowa ya sani. Amma bakin da ya saba zuba, ran nan ma bai tsaya ba. Ya gaya mata duka. Tsohon, da tambayar, da abin da shi ya faɗa, da sirrin da ya tona. Da muryar.

Hannunta ya tsaya a cikin zogalen.

"Muryata?"

"Taki, Inna. Har tarin."

"Me ta ce?"

Ya gaya mata. Sau uku, yadda aka yi. Har da "ɗana" ɗin.

"Ya san ba ni ba ce?"

"Ya sani."

"Ya amsa."

"Ya amsa."

Kaza ta zo tana tsattsagar zogalen, ba ta kore ta ba.

"Da yaya ya amsa?"

Hambali ya ce, "Da murna, Inna."

Ta ɗauki safar hannu ɗaya ta juya ta, ta shafa wurin yatsun. Ta ce, "Kullum sunan yana nan bakina. In na kwashe tuwo sai ya zo har nan," ta taɓa leɓenta, "in mayar da shi. Ina cewa akwai lokaci. Ina cewa ranar da zan mutu, in an fita an bar mu, zan faɗa masa sau ɗaya." Ta ajiye safar. "Ashe wata ta riga ni."

Sai ta miƙe. Ta juya ta fuskanci ƙofar ɗakin Ɗanliti, wanda ke kulle tun tafiyarsu. Ta yi ɗan tarin nan. Hambali ya ce a ransa, ya Allah kada ta yi.

"Junaidu."

Ta ja ƙarshen, daidai yadda ya ji a kan dutse.

Suka jira. Ba iska, ba motsi. Can wani gida ana daka. Ta tsaya a nan cikin rana, kunnenta a karkace, har inuwar rumbun ta bar inda take. Ba wanda ya amsa.

Ta dawo ta zauna, ta jawo faifan zogalenta. Ba ta dube shi ba ta ce, "Tashi ka tafi, yaron nan."

Daga ranar ba ta sake faɗin sunan Hambali ba har ta koma ga Allah. Shi ma daga ranar bai sake faɗin na kowa ba.

To, kun ji. Gobe in ya wuce da sandarsa, wanda na kama yana kwaikwayonsa, ni da shi ne. Dutse kuma, ko na bayan garin nan ne, kada wanda ya hau shi kaɗai, kada kuma ya hau da abokin da bakinsa ba ya rufuwa. In kun gamu da mutum inda bai kamata a ga mutum ba, ku yi sallama ku wuce. In an kira ku ba ku ga mai kira ba, ko da muryar wa aka yi, ku haɗiye amsar.

Ke kuma Ummita, da kike share ido da gefen zane, ranar da Allah ya ba ki ɗan fari, ki yi yadda kika ga dama. Ni dai na gaya miki abin da ya faru.

A hure fitilar. Mai fita bayan gida ya tafi da ɗan'uwansa, ku riƙe hannu. Kada wanda ya kira wani.